Riƙe ƙaramar mota a kan kwalta idan iska tana bugun gefe

Ƴan uwa masu ƙananan motoci, hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa ta miƙe ne daga arewa zuwa kudu, iskar hadarin farkon damina kuma daga gabas take tasowa, don haka a haƙarƙari take dukan mota. Mota marar nauyi ba ta da abin da zai danne ta, shi ya sa rage gudu ya fi kowace dabara. A ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, kada a taka birki da ƙarfi, a riƙe sitiyari da hannu biyu ana ɗan karkata shi wajen da iskar take fitowa.

Wurin da ya fi damuna shi ne wuce tirela. Lokacin da kake gefenta, idan tana wajen da iskar take fitowa, jikinta yana tare maka iskar, motar ta yi laƙwas, amma da zarar hancin motarka ya fita gabanta sai iskar ta dawo gaba ɗaya ta tura ka. Wanda bai shirya ba yakan fizgi sitiyari, fizgar ce kuma take kai taya cikin yashin bakin hanya. Haka abin yake inda itatuwa suka ƙare aka shiga fili.

Kayan da aka ɗaure a saman mota, musamman katifa ko buhuna, suna ƙara wa iska wurin kamawa, gara masu nauyi su koma cikin but. A duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi. Idan ƙura ta rufe hanya, a sauka nesa da kwalta a jira ta lafa.