Yadda za ka ƙirƙiri yare naka, ba zaurance ba

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Ringim ya san zaurance, "zo mu tafi" ya koma "zodo mudu tadafidi" don kar manya su gane. To wannan Hausa ce dai aka yi mata lulluɓi, wanda ya ɗan kasa kunne kwana biyu zai kama ku. Sabon yare wani aiki ne daban kuma an daɗe ana yi, wani likitan ido Zamenhof ya fitar da Esperanto tun 1887 a birnin Warsaw, har yau akwai masu magana da shi.

Fara da sauti, kar ka fara da kalmomi. Ɗauki littafin rubutu, ba waya ba, don wayar rabin ranarta tana wurin mai caji. Zaɓi wasula uku ko biyar da baƙaƙe kamar goma, ni na ɗauki a, i, u da k, l, m, n, s, t, w kawai. Sai ka yanke ko za ka sa karin sauti da jan wasali irin namu, shawarata ka bar su tukuna, dubi yadda gari na zama da gari na tuwo suke rikita mutum a rubuce.

Daga nan sai jerin jimla. Mu mukan ce Audu ya sayi akuya, Barebari kuwa aikatau a ƙarshe suke ajiye shi, kamar ka ce Audu akuya ya saya. Zaɓi ɗaya ka riƙe.

Wurin jam'i ne nake so ka tausaya wa kanka wallahi. Hausa ta ce gida gidaje, doki dawaki, akuya awaki, kowanne da hanyarsa, mu da muka sha a nono ba ma jin wahalar amma in ka kwaikwayi wannan kai da kanka za ka manta abin da ka tsara kafin sati ya zagayo. Esperanto kowane suna da o yake ƙarewa, jam'i a ƙara j, shi ke nan. Nawa maimaita kalma nake yi, tima akuya, tima-tima awaki.

Sai kalmomi, kuma nan ne mutane ke ɓata lokaci suna neman sunan jirgin sama alhali ba su da sunan gero. Fara da abin da idonka ke gani daga ƙofar zaure, rijiya, rumbu, fartanya, damina, kaka. Ɗari sun ishe ka farawa. Wani ƙirƙirarren yare Toki Pona da Sonja Lang ta fitar a 2001 kalmominsa wajen 120 ne, mota ma "tomo tawa" suke ce mata, wato ɗaki mai tafiya. Ni ma haka na yi, mali ruwa, kusu rami, mali kusu rijiya. Kuma kar kowace kalmar Hausa ta samu takwara guda a yarenka, in ka ga dama hannu da reshe su zama kalma ɗaya.

Sannan ka samu ƙaninka ka koya masa jimla biyar ku gwada a hanyar gona. Nawa da muka gwada ko kwanar makaranta ba mu kai ba ya tsaya ya ce "Yaya, to ya ake cewa a'a?" Ashe ban sa ba.