Yadda ake haɗa gazuwal daga man girki da sinadarin lifas

Man gujiyar da masu ƙosai da fanke suke soyawa a Maradi har ya yi baƙi yana iya zama bayodizal, wato gazuwal ɗin da injin niƙa zai sha. Hanyar da aka fi sani tana amfani da soda, amma tsohon mai yana da tsami da yawa, kuma soda na haɗuwa da wannan tsami sai ta koma sabulu. Lifas, wani sinadari ne da ƙwayoyin halitta suke samarwa, ba ya yin sabulu, domin har tsamin yakan mayar gazuwal. Mafi shahara a kasuwa shi ne Novozym 435, wanda yake zuwa kamar tsaba ƙanana.

Da farko a tace man da ƙyalle mai kauri, a bar shi ya kwanta, a zubar da ruwan da ya taru a ƙasa. Kowace lita ɗaya ta mai tana buƙatar metanol (wani irin barasa na masana'antu da ba a sha, wanda lifas ke haɗa shi da mai ya zama gazuwal) kimanin mililita 130, da lifas gram 40 a kowane kilo na mai.

Wurin zuba metanol ne ake yin kuskure. Metanol ba ya narkewa sosai cikin mai, kuma wanda bai narke ba yakan kashe ƙarfin lifas, abin da ya fi komai tsada a aikin. Saboda haka a raba shi kashi 3: a zuba na farko, a yi ta motsawa a hankali cikin rufaffen mazubi na kusan awa 10, sannan na biyu, a bar na uku sai washegari. Aikin gaba ɗaya yakan ɗauki awa 48. Zafin da ake so digiri 30 ne zuwa 40, wanda a garinmu inuwar ɗaki ma ta isa ta ba da shi a mafi yawan shekara. Da bazara kuwa kada a ajiye mazubin a rana.

Bayan haka a tace tsabar lifas a adana, domin ana sake aiki da ita sau da yawa. A bar haɗin ya kwanta kwana ɗaya: gilisarin, wani ruwa mai kauri da ke fita daga man, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin man, zai sauka ƙasa, gazuwal ya taso sama. A wanke gazuwal ɗin da ruwan ɗumi har ruwan ya fito garau, a busar da shi, sannan a fara gwada shi a gauraye, kashi 20 cikin 100, sauran kuma gazuwal na gidan mai.

Metanol guba ne mai makantarwa, kuma harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana, don haka a sa safar hannu da tabarau, a yi aikin inda iska take shiga, nesa da murhu da yara.