Yadda ake gonar goro ko koko ba tare da an ƙarar da kurmi ba

Goron nan da muke ci a biki da suna ai daga kurmin kudu yake zuwa, irinsu Ondo da Osun da ƙasar Asante a Gana. To in ka samu fili a can, abu na farko kar ka ce sai ka share komai ƙwal, bar manyan itatuwa irinsu loko a tsaye, don dashen koko da goro in suna ƙanana inuwa suke so, rana tsantsa ƙona su take. Inda ba inuwa sai ka dasa ayaba tukuna ta rufe su.

Na biyu kuma wuta. Wallahi nan ne mutane ke cutar kansu, ƙasar kurmi ba ta da ƙarfin da ake zato, abincin shukar yana cikin ganyen da ke zuba yana ruɓewa ne, kana cinna wuta ka ƙone takinka, ruwan sama kuma ya zo ya wanke tokar. Bar ganyen a ƙasa kawai.

Bakin rafi kuwa kar ka taɓa itatuwansa ko ɗaya, su ke riƙe gaɓar kar ta zaizaye.