Yadda Ake Daidaita Amsa-kuwwar Kayan Kiɗa a MuseScore

Tun daga sigar 4.1 ta shekarar 2023, manhajar MuseScore, wadda ake rubuta kiɗa da ita a kwamfuta, tana ba da damar rage ko ƙara amsa-kuwwa ga kowane abin kiɗa shi kaɗai. A danna F10 domin buɗe mahaɗar sauti (Mixer), sannan a nemi layin Aux sends, inda makunnin da ke ƙarƙashin kowane abin kiɗa yake ƙayyade yawan sautin da ake turawa zuwa Muse Reverb, wato sashen manhajar da ke samar da amsa-kuwwa. Ganguna da bas (abin kiɗa mai kaurin murya) ba sa son amsa-kuwwa mai yawa, domin bugunsu yakan dagule har a kasa bambance shi, amma goge da sarewa suna iya ɗaukar fiye da haka. A gyara yayin da kiɗan duka yake tashi.