Karatun gaba da digiri a Legas: wanne za ka zaɓa, ta ina za ka fara

Fannoni uku ƙannenmu masu digiri suka fi tambayata a kansu a nan Agege: koyarwa, jagoranci da ba da shawara, sai karatun kasuwanci irin na zamani. Ni shugabar wata makaranta ce mai haɗa boko da Islamiyya. Na yi babbar difilomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE, daga baya na yi digiri na biyu a fannin ba da shawara, duk ina aiki ina riƙe da gida. Abin da nake faɗa wa kowa shi ne ya dubi aikin da ke hannunsa yau, shi zai nuna masa karatun da ya dace da shi. Kada ka sayi fom don kawai abokinka ya saya.

Kafin ma maganar fom, tara takardunka. Za a nemi sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar har da Turanci, yawancin sassa kuma har da Lissafi. Za a nemi shaidar digiri, da shaidar kammala bautar ƙasa ko takardar yafewa daga NYSC, da wasiƙun mutanen da za su tsaya maka, galibi tsofaffin malamanka. Mai wahalar ita ce takardar nan da ke ɗauke da sakamakon kowane darasi tun daga shekarar farko, wadda ake kira tiranskirif. Ba a hannunka za ka kawo ta ba, tsohuwar jami'arka ce ke aika ta kai tsaye. Mu da yawancinmu a Arewa muka yi digirin farko, wannan takarda kan ɗauki watanni kafin ta iso Legas. Ka nema tun kafin a buɗe sayar da fom, ka kuma samu ɗan'uwa a can da zai riƙa leƙa ofishin yana bin sawu.

Sai maganar suna, wadda ta fi damun Hausawa fiye da kowa. A takardar sakandare an rubuta Muhammad, a ta digiri Mohammed, a katin NIN kuma an ƙara sunan gari. Ke kuma wataƙila bayan aure kin koma amfani da sunan maigida. Ma'aikacin da ke tantance takardu a nan bai san duk mutum ɗaya ba ne, kuma ba laifinsa ba ne. Ku je kotu ku yi takardar rantsuwa, idan canjin suna ne a buga a jarida, ku ajiye kwafi da yawa.

Matakin digirinka ma yana da magana. Mai 2:2 ko sama yakan iya neman digiri na biyu kai tsaye. Mai mataki na uku ko mai HND, yawanci sai ya fara da babbar difiloma ta bayan digiri, wato PGD. Kowane sashe yana da nasa sharaɗin, don haka ka karanta sanarwar shekarar da kanka a shafin jami'ar.

Idan koyarwa kake yi da digirin Kimiyya ko Tattalin Arziki ko Larabci, ba tare da ka karanci fannin ilimi ba, to PGDE ce ta farko a gabanka, ba digiri na biyu ba. Ina nanata wannan don na ga malamai masu ƙwazo sun tsallake ta, suka zo neman rajista aka ce ba su cika sharaɗi ba. Hukumar yi wa malamai rajista, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, ita ke ba da lasisin koyarwa bayan an ci jarrabawarta da ake yi a kwamfuta. Ta kasa malamai gida huɗu: masu digirin digirgir, masu digiri na biyu, masu digirin farko, da masu NCE, kuma a kowane gida sai mutum yana da shaidar horon koyarwa. Ana yin PGDE a Jami'ar Legas da ke Akoka, da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, da jami'ar karatu daga gida ta NOUN, da kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna tun 1976, wadda ke da cibiyoyin karatu na ƙarshen mako a jihohi. Ga mai aiki Litinin zuwa Juma'a, biyun ƙarshe sun fi sauƙi. A cikin karatun akwai lokacin gwajin koyarwa, inda malami zai zo ya zauna a bayan aji yana kallon yadda kake tafiyar da darasi. Ka ɗauke shi da muhimmanci. A nan ne ake koyon tsara darasi, da yadda ake jefa tambayar da za ta taso da yaron da ke ɓuya a bencin baya, da yadda ake riƙe aji ba tare da bulala ba.

Fannin jagoranci da ba da shawara shi ne ya fi kwanta mini a rai, kuma shi ne muka fi ƙarancin mutane a cikinsa. A Najeriya ana danganta farkonsa da 1959, lokacin da malaman kwalejin 'yan mata ta St. Theresa a Oke-Ado, Ibadan, suka gayyato mutane daga sana'o'i daban-daban don su yi wa ɗaliban da za su fita bayanin ayyuka. Ƙungiyar masu wannan aiki, CASSON, ta kafu a 1976, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta kula da masu sana'ar. A jami'o'inmu yawanci ƙarƙashin tsangayar ilimi yake, shi ya sa wanda bai karanci ilimi ba ake yawan cewa ya kawo PGDE tukuna.

Me ake karantawa? Yadda tunani da halin yaro ke sauyawa daga ƙuruciya zuwa balaga, hanyoyin tattaunawa da mai damuwa, gwaje-gwajen auna basira da sha'awar sana'a, dabarun bincike da ƙididdiga, sannan aikin gwaji a makaranta ko asibiti ƙarƙashin kulawar malami. Ƙididdigar nan tana firgita mutane da yawa. Ku haɗa kai ku uku ko huɗu ku riƙa bita tare, za ta wuce.

Wanda ya saba da wa'azi ya shirya koyon wani abu dabam. Mu mun taso a kan babba ya yi magana ƙarami ya sunkuyar da kai. A ɗakin ba da shawara kai ne mai yin shiru, yaron ne mai magana, kuma abin da ya faɗa amana ce, ba ta zuwa ɗakin malamai ko majalisar ƙofar gida, sai fa idan akwai barazana ga ransa ko ran wani. Wannan bai ci karo da tarbiyyarmu ba ko kaɗan, riƙon amana da suturta asirin mutum ai addini ne ya fara koya mana.

Ku dubi yaranmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12. Yaro yana Hausa a gida, Yarbanci da burokin a layi, Turanci a aji. Idan abu ya taɓa zuciyarsa, da Hausa yake fitowa. Uwar da ɗanta ya fara shaye-shaye ba za ta iya zama gaban baƙon namiji ta zayyana masa da Turanci ba, amma za ta faɗa wa mace 'yar'uwarta da harshenta. Gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma duk malamin sakandare ya san matsalar ƙwaya ba ta bar unguwanni ba. Ga 'yan matan da ake cirewa daga aji ana gab da jarrabawa, ga samarin da suka zo ci-rani suka rasa mai jin kukansu. Karatun zai kuma koya maka iyakarka. Mai ba da shawara ba likita ba ne, ba ya rubuta magani. Idan lamari ya wuce tattaunawa, sai ka raka iyalin zuwa wajen likitoci, kamar asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, ka kuma taya su kawar da kunyar zuwa.

A ɓangaren kasuwanci ba zan ja da tsawo ba. Makarantar Kasuwanci ta Legas, wadda aka kafa a 1991 kuma take ƙarƙashin Jami'ar Pan-Atlantic, tana can Ajah, tana da suna, kuɗinta kuma ba na kowa ba ne. Jami'o'in Akoka da Ojo suna da MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, na masu aiki. Ra'ayina shi ne wanda bai taɓa sayar da ko buhun albasa ba ya dakata, ya fara shiga kasuwa. Wanda kuma yake cikinta, ya tafi aji da matsala a hannu. Ɗan dillalin tumatir a Mile 12 ya san asarar da ake tafkawa tsakanin gona a Kano da kasuwa a Legas, lokacin da kwandunan kaba suka danne juna a cikin mota, ya kuma san dalilin da ya sa wasu ke jan ƙafa wajen komawa akwatunan roba. Wannan kaɗai ya isa kundin bincike, ya isa tsarin sabuwar sana'a. Idan dabarar adana lissafi da neman jari kawai kake so, gajeren kwas na 'yan watanni ya wadatar, ba sai ka yi digiri ba. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take ba da horo da jarin dala 5,000 ga waɗanda ta zaɓa, neman kuma ta intanet ake yi kyauta.

A Legas, nisa yana cikin abin da ke kayar da ɗalibi. Mazaunin Alaba Rago ya fara duba Ojo, tana kusa da shi. Mu na Agege, tun da jirgin ƙasa na jan layi ya fara ɗaukar fasinja a 2024, ana iya sauka a Yaba a hau mota zuwa Akoka ba tare da an kwana a gosulo ba. Mai niyyar Ajah daga wannan ɓangaren ya lissafa sa'o'in hanya kafin ya lissafa kuɗin makaranta.

Kuɗin ma ka biya da kanka ta shafin makarantar, na jami'ar tarayya kuma ta manhajar biyan kuɗi ta Remita, ka ajiye kowane rasit. Duk wanda ya ce ka tura masa a asusunsa zai samo maka gurbi, ka rabu da shi. Ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da jami'ar da kuma kwas ɗin. A kasafinka ka sa kuɗin mota, da data, da buga takardu, da zirga-zirgar bincike, don su ne ke cinye aljihu a hankali. Malamanmu mata da dama da adashi suke biyan zangon farko, suna tsara kwasarsu ta faɗo watan rajista.

'Yar'uwa mai aure, ki zauna da maigida tun kafin ki sayi fom, ki nuna masa jadawalin, ku daidaita wanda zai riƙe yara ranar Asabar. Mai aiki kuma ya sanar da shugabansa a rubuce. Idan lokacin bincike ya zo, ka zaɓi maudu'in da za ka iya tattara bayanansa a unguwarku ko makarantarku, ka riƙa kai wa malamin da ke duba aikin babi ɗaya-ɗaya, kana rubuta ranar da ka miƙa da gyaran da ya ce a yi.