Kurakuran da kwamitocin unguwa ke maimaitawa duk damina a Gombe

Na daɗe a kwamitin agajin gaggawa na unguwarmu, kuma na gaji da ganin sababbin shiga suna faɗawa ramin da muka faɗa. Tun farkon shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da koguna da ambaliya ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa, a karanta a rediyo. Amma sai Agusta, ruwa ya kai gwiwa, za ka ji ana neman a kira taro.

Kuskure mafi muni shi ne matsuguni na fatar baki. A zauna a ƙofar gidan mai unguwa a ce, "In abu ya faru, a tafi firamare," a shafa fatiha a watse. Mu ma haka muka yi wata shekara. Daren da kwari ya cika ya shigo gidaje, wajen ƙarfe 2, muka kwashi mata da yara zuwa makarantar, muka tarar da azuzuwa a kulle, mai makulli ya yi tafiya. Ajin da muka ɓalle rufinsa na zuba, ban ɗaki kuma ya rushe tun bara. Wata tsohuwa ta kwana a jiƙe, ta yi mako guda a gadon asibiti. Har yau abin yana ci min rai. Haba jama'a! Wurin da ba ku taka da ƙafarku ba, yaya za ku tura iyalan mutane cikinsa da tsakar dare? Ni yanzu tun watan Mayu nake zuwa in duba rufi da ban ɗaki, in yanka makulli uku: ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin liman, ɗaya a aljihuna.

Sai aikin gayya na yashe magudana. Matasa su wuni suna haƙo yashi da leda, su jibge a bakin kwata, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ruwan farko ya mayar da komai inda ya fito. Garin Gombe ƙasarsa rairayi ce ga gangare, shi ya sa zaizaya ke cin unguwanni, kwata ɗaya in ta toshe sai ruwa ya haƙa sabuwar hanya ta gindin katangar wani. Ban yarda a ɗaga shebur ba sai an tanadi motar kwasa ko amalanke a ranar.

Lambobin hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) da 'yan kwana-kwana kada su zauna a wayar mutum ɗaya, a rubuta a bangon masallaci. Takardun gida da na makaranta a ƙulle su a leda, a rataye sama. Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a shanta sai an kwashe an zuba sinadarin kulorin, don amai da gudawa na bin bayan ruwa. Kwamiti babu mace kuwa bai san gidan da ke da mai ciki ko maijego ba.

Mutanen Yamaltu/Deba da ke ƙasan dam ɗin Dadin Kowa, ambaliyar da ɓallewar dam ɗin Alau ta jawo wa Maiduguri a Satumbar 2024 ta isa ta sa ku tsayar da wanda zai yi shela a lasifika in kogin Gongola ya fara hawa.

Sunayen waɗanda abin ya shafa kuma a rubuta su washegari da safe, gida-gida, a gaban mai unguwa. In aka bari sai kayan tallafin hukumar agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) sun iso, takarda cika take da sunayen waɗanda ko tabarmarsu ba ta jiƙa ba.