Yadda ake haɗa man ƙamshi a gida da barkono, albasa da citta

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya miƙo mini waya yana dariya, ya ce, "Inna, dubi abin da Turawa ke yi." Bidiyo ne na wasu mutane a Kanada suna dafa ganyen wiwi cikin mai, su tace, su yi girki da shi. Can dokarsu ta halatta wiwi tun 2018. Mu nan Nijar doka ta hana, addini ya hana, ga shi kuma abin da aka zuba cikin abinci yaro ba ya bambance shi da abinci, saboda haka wannan ba da ni ba. Abin da ya ba ni dariya ni kuma shi ne yadda suke zuzuta dabarar kamar yau aka gano ta. Jawo ƙarfin ganye ko yaji ya shiga cikin mai ai shi ne aikin da kakanninmu ke yi a Damagaram duk ranar da suka soya man shanu da albasa.

Dalilin da ya sa abin ke yiwuwa ba mai wuya ba ne. Zafin barkono da ƙamshin kanumfari da citta sun fi narkewa a mai bisa ga ruwa. Shi ya sa idan yaji ya kama miki baki, ko kin shanye randa ba ya saki, amma kurɓin nono ɗaya sai ki ji sauƙi. To wannan halin nasu za mu yi amfani da shi.

Ki fara da man. Rabin lita na man gyaɗa ya isa gwajin farko. Ni na fi son na gida, irin wanda matan Matamaye da Magarya ke matsowa wurin yin ƙuli-ƙuli, don yana da ƙamshin kansa. Amma ki shinshina kafin ki biya, ki ɗiga a harshe. In ya yi miki maƙaƙi a maƙogwaro, ya tsufa, kuma babu kayan ƙamshin da zai gyara shi. Man kanti na kwalba ma yana yi, sai dai shi ba ya kawo komai nasa, abin da kika zuba kawai zai ɗauka.

Kayan haɗi kuwa duk suna nan kasuwar Dole: albasa matsakaita 2, busasshen barkono cikin tafin hannu, busasshen tattasai 4 ko 5, busasshiyar citta 3, kanumfari 6, masoro rabin ƙaramin cokali, kimba 2. In kin samu jar albasar Galmi, ita ce gaba. Tattasan Diffa kuma shi ke ba man jan launin nan mai kyau ba tare da ƙara zafi ba. Kimba ki yi hattara da ita, in ta yi yawa ɗaci take kawowa.

Sai daka. Ki zuba citta da kanumfari da masoro a turmi ki farfasa su kawai, kada su zama gari. Barkono da tattasai ki cire hancinsu, ki daka su daban, su ma ɓarza-ɓarza. Gari yana ƙonewa nan take, kuma yana tsallake rariya ya dagula man. Kimba ki buga ta sau ɗaya ta tsage. Albasa ki yanka siri-siri, ki baza a faranti ta sha iska kamar rabin awa.

Yanzu wurin da aikin yake, wato wuta. Ki ɗora tukunya busasshiya ƙarau, ki zuba man. In gawayi ne, ki bari ya gama ruruwa ya fara yin toka a sama, sannan ki rage wasu. In gas ne, ki mai da shi can ƙasa. Ki jefa silin albasa ɗaya. Idan ƙananan kumfa suka taso a gefensa suna ɗan sauti a hankali, zafin ya yi. Idan ya yi tsalle yana fantsama, ko kika ga hayaƙi, kin wuce gona da iri, ki sauke ya huce. Man gyaɗa na gida ba ya jure wuta kamar na kanti, yana soma hayaƙi tun wajen digiri 160, kuma man da ya yi hayaƙi ƙauri zai bi duk abin da kika zuba masa.

Albasa ce ke fara shiga, ita kaɗai. Ita ke kashe gafin man. Ki bar ta tana soyuwa a hankali minti 15 zuwa 20, kina juyawa jefi-jefi. Kumfar da kike gani ruwan jikinta ne ke fita, kuma so ake ya fita duka, don ruwa shi ne abokin gabar wannan man. Za ki ga kumfar tana raguwa, albasar ta koma ruwan zuma. A nan za ki tsame ta. Kada ki jira ta yi duhu a cikin tukunya, don ko bayan an tsame ta tana ci gaba da soyuwa. Ni ma na taɓa tsayawa gaisawa da maƙwabciya a zaure, na dawo na tarar da albasa baƙa ƙirin, rabin lita ya tafi a banza. Tun ranar in na ɗora man nan, ko sallama aka yi daga bakin murhu nake amsawa.

Bayan albasa, citta da kanumfari da masoro da kimba su shiga, su yi kamar minti 10 a wannan ƙaramar wutar. Hancinki ne zai gaya miki: ƙamshin zai cika tsakar gida.

Barkono ba a soya shi a kan wuta. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Ki sauke tukunyar, ki bar man ya huce minti 5, ki zuba dakakken barkono da tattasai a kwanon ƙarfe, sannan ki kwarara man a kansu kaɗan-kaɗan kina juyawa. Zai ɗan yi kumfa ya lafa. In kika ji ƙamshi mai daɗi kamar na yajin tsire, kin dace. In tari ya kama kowa a gidan, man ya yi zafi da yawa. Ki rufe da faifai, ba murfin ƙarfe ba, don kada tururi ya taru ya ɗiga ciki. Ki bar shi ya kwana.

Da safe ki tace da rariya mai laushi ko tsaftataccen ƙyalle, ki ɗura a kwalbar gilashi da kika wanke kika shanya a rana ta bushe sarai.

Wata za ta ce ina tafarnuwa? Da gangan na bar ta. Ɗanyar tafarnuwa da aka nutsar cikin mai aka ajiye a ɗaki tana iya haifar da guba mai kisa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa, tana manne wa tafarnuwa, kuma wurin da babu iska take yaɗuwa, irin cikin mai. Mugun abin shi ne man ba ya sauya wari ko launi, balle ki gane. In kina son ɗanɗanonta, ki soya ta ranar da za ki ci, ko ki sa a firiji ki cinye cikin kwana 4. Da zafin Damagaram na watan Afrilu da Mayu, ga wuta da ke ɗaukewa, ni ban yarda da firijin ba ma. Haka dokar take ga ɗanyen attaruhu da ɗanyar citta da ganye kore.

Man da aka tace, ki ajiye shi a inuwa nesa da murhu, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali. Ki yi kaɗan wanda za ki ƙarar cikin mako 2 ko 3, in ya ƙare ki sake. Da hunturu za ki ga ya yi gajimare ko ya ɗan daskare, ba lalacewa ya yi ba, ki sa kwalbar cikin ruwan ɗumi.

Wurin ci, ba man suya ba ne, na gamawa ne. Cokali ɗaya a kan shinkafa da wake, ko ɗanwake, ko dambun zogale, ko a bisa miyar kuka bayan an sauke. Soyayyar albasar nan da kika tsame kuwa, da diddigar barkonon da ta rage a rariya, ki haɗa su da ɗan gishiri da garin ƙuli-ƙuli ki kirɓa a turmi. A gidanmu wannan ba ya kai la'asar, yara ke lashe shi da dafaffen rogo.